"Wipe out" a shirin makiyaya: ya zan fassara shi?

Maman Khalifa: Salamu alaikum. An ba ni fassarar rubutu kan cutar bushiya, za a karanta a shirin rediyo na makiyaya ranar Litinin. "Wipe out" ya fito a wuri biyu. Na farko cutar ce ta yi wa shanu bayan ta shigo Afirka ta Eritiriya a 1887. Na biyu ita cutar aka yi wa, da aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. In sa kalma ɗaya ko in bambanta? Kuma nawa ake karɓa a shafi?

Malam Tsoho: Asalinsa gogewa ne, yadda ake goge allo ba a bar komai ba. Sa "shafe" duka biyun, 'yata.

Ɗan Jos: Malam, a gafarce ni, makiyayi zai ji kamar mai aka shafa wa saniya. Shanu an yi musu ƙarƙaf, cuta kuma an kawar da ita.

Baffa Gombe: Ku da kuke gardama ba ku ga bushiya ba. A 1983 ina yaro ta faɗa garkenmu. Saniya ta yi ta hawaye da dalala, baki duk gyambo, sai zawo, sai ta kwanta. Ungulu har sun ƙoshi. Mahaifinmu ya naɗe dangwali ya rataye, bai sake ɗaure maraƙi ba har ya rasu. Gadi ya koma yi a gari.

Maman Khalifa: Allah ya ji ƙansa, Baffa. To wace kalma kuka yi amfani da ita?

Baffa Gombe: Cewa muke garke ya ƙare.

Hajiya Turai: Naira dubu biyar shafi, kada ki rage.

Ɗan Jos: A ina? Ni dubu biyu ake ba ni.

Malam Tsoho: Wanda ke karɓar dubu biyu ne zai gyara mini Hausa? Ina koyar da Turanci tun ba a haife ka ba.

Ɗan Jos: Aji daban, rediyo daban, Malam.

Sarkin Zolaya: Ni albashina ake yi wa wipe out kafin biyar ga wata.

Hajiya Turai: Ke dai karɓi rabin kuɗinki tukuna. Wata ƙungiya na yi wa littafin rigakafi tun bara, har yau "ana kan sa hannu".

Baffa Gombe: Rigakafin ma ina yake? Da har ruga ake biyo mu da allura. Yanzu ciwon huhu na cin shanu, sai ka sayi magani a kasuwa, ba ka san na gaske ba ne ko jabu.