Wace kalma za mu ba "signalling pathway"?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jama'a, duk bayanin yadda ciwon daji ke girma da yaɗuwa sai wannan kalma ta fito. Wasu na rubuta "hanyar sigina", amma mai karatu sai hankalinsa ya tafi kan siginar mota. Ina mafita?

Malamin kimiyyar halittu: Wa'alaikumus salam. Mu duba aikin tukuna. A jikin bangon ƙwayar halitta akwai furotin EGFR, kansa a waje, gindinsa a ciki. Idan sinadarin girma ya sauka a kansa, sai EGFR guda biyu su haɗu su tayar da wani furotin a cikin ƙwayar mai suna RAS. RAS ya tayar da RAF, RAF ya tayar da MEK, MEK ya tayar da ERK, dukkansu furotin ne, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya sa ta rabu biyu. Tamkar maganar sarki ce, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Ni "jerin umarni" na zaɓa.

Likita: Allah ya gafarta Malam, misalin ya zauna, amma "umarni" ya yi mana ƙunci. Ga TGF-beta nan, wani furotin mai kai wa ƙwaya saƙo daga waje: a farkon cutar hana ƙwaya rabuwa yake yi. Idan cuta ta yi nisa, shi ne kuma ke sa ta yar da E-cadherin, furotin da ke manne ta da maƙwabtanta, ta ɓalle, ta kutsa jijiyar jini, ta je ta yi sansani a hanta ko huhu. Aike ɗaya, fahimta biyu. Wannan saƙo ne, furotin ɗin kuma 'yan aike. Kada dai wani ya kawo "manzo", kalmar tana da nauyinta.

Mai fassara: "Hanyar saƙo" ke nan, Dakta?

Mai haɗa magani: A'a, ranka ya daɗe, "sarƙa" ta fi. RAS makunni ne: yana kunne idan ya riƙe wani ƙaramin sinadari mai suna GTP, ya mutu idan ya mayar da shi GDP. KRAS wani nau'in RAS ne. A KRAS mai lahani, galibi glycine, tubalin da ke gurbi na 12 a jikin furotin ɗin, shi ne ke sauyawa, sai makunnin ya maƙale a kunne. Ɗan aike na ta kai saƙon da ba wanda ya aike shi. Haka abin yake a kusan kashi 40 cikin 100 na dajin babban hanji, da sama da kashi 90 na dajin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Shi ya sa ake gwada KRAS kafin a ba da maganin cetuximab: EGFR yake toshewa, can sama, alhali zoben da ya lalace yana ƙasa. "Hanya" ba ta nuna zobe da zobe haka.

Malamin kimiyyar halittu: Na janye "umarni". Sai dai sarƙa miƙaƙƙiya ce, EGFR kuwa har wani reshe daban, na furotin PI3K da AKT, yake tayarwa. Ka toshe nan, saƙo ya zagaya ta can, wannan kuma yana daga cikin dalilan da magani ke daina ci bayan watanni.

Likita: Idan guda ɗaya ce, "sarƙar saƙo". Idan sun sarƙe da juna, "ragar saƙo".

Mai fassara: Bari in gwada a jimla: "Maganin sotorasib, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, yana datse sarƙar saƙo ne a zoben KRAS, amma nau'in G12C, wato wanda glycine na gurbi na 12 ya koma cysteine, kaɗai yake kamawa." Ta shiga baki. Saura "receptor", wato furotin irin EGFR da saƙo ke sauka a kansa: makarɓi ko kunne?