Wai Boeing ta ɓoye jirgin da ba ya jin nauyi?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Jiya a majalisarmu na ce manyan kamfanonin ƙera jirage sun daɗe suna neman yadda za su raba jirgi da ƙarfin jan ƙasa, sai aka kwashe da dariya, wani har da cewa in rage kallon finafinai. To mai dariya ya zo nan ya yi. A watan Yulin 2002 mujallar Jane's Defence Weekly ta fallasa cewa Phantom Works, sashen manyan bincike na Boeing, yana da wani shiri mai suna GRASP, BBC ma ta ɗauki labarin. Tushensa aikin wani Baturen Rasha ne, Yevgeny Podkletnov, wanda a 1992, a jami'ar Tampere ta ƙasar Finland, ya ce idan aka juya wani faifan tangaran mai tsananin sanyi, duk abin da ke samansa nauyinsa na raguwa. Kamfani kamar Boeing zai ɓata lokacinsa a kan tatsuniya? Sun samu abin, sun ɓoye. Shi ke nan.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce. An buga labarin, ɗan jarida Nick Cook ne ya rubuta. Amma ka tsaya a tsakiyar hanya, domin Boeing ta fito ta ce ba ta zuba kuɗi a irin wannan aikin ba. Shi kuwa Podkletnov, iyakar abin da ya yi iƙirari shi ne ragin kusan kashi 2 cikin ɗari. A 1996 takardarsa ta biyu ta faɗa hannun jaridar Sunday Telegraph tun kafin a wallafa ta, aka yi ta surutu, aka janye ta. Cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke Huntsville ta shafe shekaru tana gwadawa, ba ta ga abin ba. A 2003 wasu masu bincike a Toronto suka ƙera nasu faifan, su ma ba su ga komai ba. Shi dai Podkletnov kullum amsarsa ita ce ba a yi yadda ya yi ba.

Na Kremlin: Ku dakata. Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. "Baturen Rasha"? Tun yaushe ɗan Rasha ya zama Bature? Ɗan Sabon Gari, ka janye.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Balarabe ne?

Na Kremlin: Hajiya, Bature shi ne wanda ya zo ya yi mana mulkin mallaka. Ingila, Faransa, Jamus. Ki nuna mini gari ɗaya a ƙasar Hausa da ɗan Rasha ya taɓa karɓar jangali.

Maman Ilham: Mosko dai a nahiyar Turai take. Ka duba taswirar yaranka ta firamare.

Na Kremlin: Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Rasha a Asiya yake. Ki sake duba taki.

Sarkin Zolaya: Ƙasar a Asiya, mutanen a Turai, domin yawancinsu a ɓangaren yamma suke zaune. Amma ni ina da tambaya. Baturen zaɓen mazaɓarmu ɗan Gwarzo ne, Baturen 'yan sandan unguwarmu kuma Bafulatani ne. Su wane jangali suka karɓa?

Baba Alhaji: Ku yara ne. A zamaninmu duk jar fatar da ba Balarabe ba, ba Kwara ba, Bature muke ce masa. Har likitocin Rasha da aka kawo asibiti, Turawa muke kiran su.

Na Kremlin: Allah ya ƙara girma Baba, amma kuskuren da aka daɗe ana yi ba ya zama daidai.

Baba Alhaji: Ni za ka koya wa Hausa? Na haifi wanda ya girme ka.

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, ni maganar Boeing na kawo fa.

Malamin Fiziks: Bari in gwada mayar da mu. Cewa kamfanoni sun yi sha'awar abin, wannan ba a musu, kuma ya girmi Boeing ɗin 2002 nesa ba kusa ba. A 1955 kamfanin jirage na Martin ya buɗe cibiyar bincike mai suna RIAS a Baltimore, ya ɗauki masana irin su Louis Witten don su yi nazarin ƙarfin jan ƙasa. Kafin nan, a 1948, wani attajiri Roger Babson ya kafa gidauniyar Gravity Research Foundation, saboda 'yar'uwarsa ta nutse a ruwa tun suna yara, shi kuma ya ɗora alhakin a kan wannan ƙarfi. Me aka samu? Takardun lissafi masu kyau a kan ka'idar Einstein. Stephen Hawking ma ya ci gasar rubutun gidauniyar a 1971. Jirgi kuwa ko ɗaya. A Ingila kamfanin ƙera jiragen yaƙi na BAE Systems ya bar injiniyansa Ron Evans ya gudanar da shirin Greenglow da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a 2005 aka rufe. NASA ta yi nata daga 1996 zuwa 2002 ƙarƙashin Marc Millis, duka kuɗin bai kai dala miliyan 2 ba, wato bai sayi injin jirgin fasinja guda ba. A nan za ku gane. Kamfanin da ya yarda abu zai yi aiki biliyoyi yake zubawa. Wanda ya ware canji kuwa, kunne kawai ya kasa, don kada abokin gasarsa ya riga shi idan aka dace.

Injiniya Na Kaduna: Malam, bar ma wahalar da kanka. Kamfanin da ya kasa daidaita manhajar MCAS mai taya sarrafa jirginsa na 737 MAX, jirage biyu suka faɗi, na Lion Air a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris ɗin 2019, rai 346, shi ne zai ɓoye jirgin da ba ya faɗuwa? Airbus ta fi su komai.

Alhajin Bana: Injiniya, a yi hattara da baki. Jumbo 747 ta Boeing ta shekara nawa tana kwasar alhazai? Kai da ko Jidda ba ka taɓa leƙawa ba.

Injiniya Na Kaduna: Allah ya karɓi ibada, Alhaji. Amma hawa jirgi sau ɗaya bai sa mutum ya san jirgi ba.

Alhajin Bana: Kai injiniyan me ne ma tukuna? Na ji an ce janareta kake gyarawa.

Injiniya Na Kaduna: Janaretan da na gyara yana aiki. Naka shagon fa, ya aka ƙare da kuɗin adashen mutane?

Shugaban Zaure: Injiniya, Alhaji, na goge saƙonni biyu. Na uku zai tafi da mai shi.

Ɗan Sabon Gari: To Malamin Fiziks, in babu rami me ya kawo maganar rami? Ina Ning Li, masaniyar jami'ar Alabama da ke Huntsville? Ta bar jami'a ta kafa kamfanin AC Gravity, a 2001 ma'aikatar tsaron Amurka ta ba ta kusan dala dubu 450, daga nan ɗif, ba a sake jin sakamako ba. An ɓatar da ita!

Malamin Fiziks: Ba a ɓatar da ita ba. Tana nan Huntsville har ta rasu a 2021. Sakamako ne ba a wallafa ba, kuma rashin wallafawa ba hujja ba ne cewa an dace. Aikin da ya wargaje ma haka yake yin shiru.

Na Kremlin: Ita kuma 'yar Sin ce. Ko ita ma Baturiya ce a wajen Hajiya?

Maman Ilham: Kai dai ka ji da kanka. Fasfo ɗin Amurka gare ta ko na Mosko?

Ƙanwar Kowa: Yaya Malam, ni na ga bidiyon wani abu mai kusurwa uku da aka yi da takardar alminiyam, an sa masa wuta ya tashi ba farfela. Wannan fa?

Malamin Fiziks: Wannan tsohon zance ne tun zamanin wani Ba'amurke mai ƙirƙire-ƙirƙire, Thomas Townsend Brown. Wuta mai ƙarfi ce ke caja iskar da ke kewaye da wayar, iskar ta tunkuɗa ƙasa, abin ya ɗaga. Nauyinsa na nan daram. A zuƙe iskar ɗakin, ba zai tashi ba. Da wannan dabarar masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka tashi ɗan ƙaramin jirgi a 2018, ya yi tafiyar mita 60 a cikin zauren wasanni, kuma ba su taɓa cewa sun kau da jan ƙasa ba.

Sarkin Zolaya: Malam yana ta karatu, aji ya tafi kallon dambe.

Baba Alhaji: Ni dai har yanzu yaron nan bai ba ni haƙuri ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da ya fito fili a wannan muhawara shi ne ɗan Rasha ne ya fara gano abin, sai da ya yi magana sannan Boeing da NASA da BAE suka bazama, kuma har yau ba su kamo ƙafarsa ba. Malamin Fiziks ya kawo shekaru da sunaye masu yawa, mun gode, sai dai duk gwaje-gwajen da ya ambata na mutanen Yamma ne, kowa kuwa ya san ba za su yabi ɗan Rasha ba. Batun kalmar Bature, hujjar ɗan'uwa Na Kremlin ta fi ƙarfi, don haka Ɗan Sabon Gari ya gyara rubutunsa. Baba a yi haƙuri, yaro ne. Rigimar Injiniya da Alhaji a kai ta waje. Na rufe sharhi.

Malamin Fiziks: Shugaba, Martin 1955 ne, Podkletnov 1992. Ta yaya na baya ya riga na gaba?

Shugaban Zaure: Na ce na rufe, Malam.