Baba ya fara gigin tsufa, in sayi ƙwayar inzayim ɗin nan?

Maman Khalil, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ne, shekararsa 74. Tun bara mantuwa ta kama shi: ya yi la'asar sau biyu, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Makon jiya ya fita masallaci, sai a bakin titin jirgin ƙasa aka tsinto shi. Likita na zaton cutar mantuwa ta Alzaima ce, wai wani furotin mai suna amiloyid ke taruwa a ƙwaƙwalwa. To na ga ana tallar ƙwayar inzayim ta abarba da gwanda a Facebook, wai tana narkar da shi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In saya?

Malam Sani, mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki. Mai tallar ya tsinci gaskiya ƙwaya ɗaya ne ya gina ƙarya a kai. Inzayim kamar almakashi yake. Akwai wani dogon furotin a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan almakashin da ake kira alfa-sikiritas ya yanka shi a tsakiya, ba matsala. Amma idan beta-sikiritas ya yanka gefe ɗaya, gama-sikiritas ya yanka ɗayan, guntun da ya fita shi ne amiloyid, mai danƙo, yana dunƙulewa. Akwai kuma masu shara, irin nefrilaisin, da ke kwashe shi. Duk a cikin ƙwaƙwalwar suke aiki. Inzayim ɗin da aka haɗiya kuwa furotin ne, ciki zai narkar da yawancinsa kamar tsire, ga shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba ya barin irinsa ya wuce. Ko manyan kamfanoni da suka ƙera maganin toshe beta-sikiritas, amiloyid ya ragu amma majinyata ba su samu sauƙi ba, aka dakatar da gwajin. Allurar lecanemab da Amurka ta amince da ita a 2023 ma jinkirta ciwon kawai take yi, a farkonsa, kuma tana iya kumbura ƙwaƙwalwa.

Maman Khalil:
Ikon Allah. To babu abin yi ke nan, Malam?

Malam Sani:
Akwai. Ki kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. A duba hawan jini, suga, maƙoƙo da bitamin B12, don wasu mantuwar daga nan suke. Ki tambayi likita batun maganin donepezil; ba ya warkarwa, amma yakan taimaki wasu.

Hajiya Binta, Mile 12:
'Yata, na yi jinyar surukata shekara shida. Ki rubuta lambar wayarki ki ɗinke a aljihun rigarsa yau ɗin nan, ɓata a Legas ba wasa ba ne. Ki gaya wa liman da maƙwabta. In ya kira ki da sunan marigayiya, amsa kawai, kar ki yi masa gardama. Allah Ya ba shi lafiya.