Don Allah a taimaka: wane irin jadawali zan fitar a manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan na maƙale a babi na huɗu na furojet ɗina, kuma ranar miƙawa ta matso.

Na yi wa manoman shinkafa 240 tambayoyi a yankin Kura ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, na sauke amsoshin a Excel, na shigar da su SPSS. Har nan lafiya lau.

Matsalar tana kan tambayar da na ce manomi ya zaɓi duk inda yake samun taki: kasuwa, ƙungiyar manoma, dillali ko tallafin gwamnati. Da yawa sun zaɓi biyu ko uku. Da na yi amfani da Multiple Response, wato sashen SPSS na tambayar da ake zaɓar amsa fiye da ɗaya, sai ya ba ni kaso iri biyu. Na adadin amsoshi ya tashi 100 cif, na adadin mutane kuma ya zarce 100. Na zana da'ira mai yanka-yanka da na farkon, malamina ya ja mata jan biro, ya ce ba ta nuna manoma nawa ne ke zuwa wurin dillali ba. Gaskiyarsa kuwa, domin abin da nake son sani ke nan. To in koma zanen sanduna da kason mutane? Yaya zan rubuta bayani a ƙasansa don kada mai dubawa ya zaci kuskuren lissafi ne?

Sannan ina da tambayoyi 12 masu matakai biyar, daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam". Frequencies, wato sashen SPSS mai ƙirga yawan kowace amsa, yana fitar wa kowace tambaya tebur nata. Akwai hanyar haɗa su a tebur ɗaya da zai shiga shafin Word bai yanke ba?

Allah ya saka da alheri.