Kansar huhu ta dawo wuri ɗaya: gasa ƙullin da hasken na'ura (radiotherapy) kawai ya isa?

Kawu (Garwa): Salamu alaikum. An yi wa ƙanwata aikin huhu bara, kansa ce mai canjin ƙwayar halitta da ake kira ALK. Yanzu hoto ya nuna ƙulli ɗaya ya sake fitowa. Ni dai na ce a gasa shi a huta. Shan ƙwayar maganin alectinib safe da yamma, wa ke da wannan kuɗin?

Ɗan Marwa: Kawu, da gaskiyarka. Binciken Gomez na Amurka a 2016 ya nuna masu ƙulli uku zuwa ƙasa da aka gasa ko aka cire musu sun yi wata 11.9 cutar ba ta motsa ba, sauran kuwa wata 3.9.

Dokta (Ngaundere): Ɗana, rabi ka karanto. Mutum 49 ne kacal, masu ALK 'yan ƙalilan, kuma dukkansu sai da suka fara magani kafin gashin. Ƙari ne, ba madadi ba. Ita ALK tana yawan haurawa ƙwaƙwalwa, wuƙa da gashin ƙirji ba sa kai can. Alectinib tana shiga ƙwaƙwalwa fiye da tsohuwar ƙwayar crizotinib, har Amurka ta amince a 2024 a riƙa shan ta shekara 2 bayan tiyata.

Hajiya (Njamena): Dokta, Allah ya ƙara sani, amma aljihu fa? In gashi ne, ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ka wuce Duwala, ka gama ka dawo. Ƙwaya kuwa, in cutar ta dawo, ba ta da ranar yayewa. Wanda ya fara ya tsaya rabin hanya, me ya ci?

Dokta: Hajiya, ban musa ba. In ƙullin a wurin aikin yake ko a kaluluwar kusa, sauran jiki lafiya, gashi ko sake tiyata hanya ce da likitoci ke bi da niyyar warkarwa. Sharaɗina biyu: hoton MRI na ƙwaƙwalwa, sannan a ɗebi naman a gwada. A yankinmu tarin fuka ma yana yin ƙulli.

Ɗan Marwa: To ai kin dawo maganarmu.

Dokta: Ban dawo ba. Kawu, an duba kan nata?

Kawu: Ƙirji kawai aka ɗauka.

Dokta: To a fara da can kafin a yanki tikiti.