Muhawara: Jakadan sauyin yanayi, aiki ne ko kujerar alfarma?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Batun wannan makon ya fito ne daga bakin Baban Sadiq, wanda ya ce muƙamin jakada na musamman kan sauyin yanayi ɓarnar dukiyar ƙasa ne, ministan muhalli ya isa. Bismillah, a yi da mutunci.

Baban Sadiq, Kofar Doka: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. A watan Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ajuri Ngelale jakada na musamman kan sauyin yanayi, alhali yana riƙe da muƙamin mai magana da yawun shugaban ƙasa. Zuwa Satumba ya ajiye aiki saboda larurar iyali. To muna da ma'aikatar muhalli, muna da Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi da dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2021 ta kafa. Me kuma jakada zai ƙara? Ku tuna taron COP28, wato taron shekara-shekara na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, da aka yi a Dubai a 2023, mutum 1,411 aka yi wa rajista da sunan Nijeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Me suka kawo wa manomin Giwa?

Malam na Samaru: Baban Sadiq, maganar yawan tawaga gaskiya ce, ni ma ta ɓata mini rai. Amma ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Minista yana da shara, zaizayar ƙasa, dazuzzuka, kasafin kuɗi da kiran majalisa a wuyansa. Cinikin yanayi kuwa ba a makonni biyun taron COP ake yin sa ba, shekara guda ake yi ana kai da komowa, a ɗakunan da 'yan jarida ba sa shiga. Kuma abin da ake ja a kai ya wuce muhalli: man fetur ne, iskar gas, bashi, lantarki. Ministan muhalli ba zai iya yin alƙawari a madadin ministan kuɗi ko na mai ba. Shi ya sa ƙasashe ke neman mutum ɗaya da zai yi magana da bakin shugaban ƙasa kai tsaye.

Duba Amurka. A Janairun 2009, farkon mulkin Obama, aka naɗa Todd Stern jakadan sauyin yanayi, ya riƙe kujerar har 2016. Yana wurin aka watse daga taron COP na Kopenhagen a 2009 ba tare da yarjejeniya mai ƙarfi ba. Bai tafi ba. Ya ci gaba da zama da takwaransa na Sin, Xie Zhenhua, har aka kai ga sanarwar da Obama da Xi Jinping suka yi a Beijin a Nuwamban 2014, inda ƙasashen biyu da suka fi kowa fitar da hayaƙi suka bayyana abin da za su yi. Wannan ne ya share hanyar yarjejeniyar Paris ta 2015.

Maman Fati, Tudun Wada: Malam, da kyau, amma ƙarasa labarin mana. Trump ya zo ya fitar da Amurka daga Paris. Biden ya mayar da ita a 2021 ya naɗa John Kerry. Trump ya dawo a 2025, ranar farko ya sa hannu a sake fita. Ina amfanin sa hannun da zaɓe ɗaya ke gogewa?

Malam na Samaru: Hajiya, wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi yau. Ƙarfin jakada aro ne. Kamar jakadun hakimai ne a tsohon tsarin Zazzau: dagaci na jin maganarsu ne saboda wanda ya aiko su, ranar da aka sauke hakimi jakadansa ya koma mutum kamar kowa. Kerry ya yi tasiri don Biden ya ba shi kujera a majalisar tsaron ƙasa, abin da ba a taɓa yi wa mai wannan muƙami ba, ga shi kuma tsohon sakataren harkokin waje wanda shugabanni ke amsa wayarsa. Ko lokacin da dangantakar Amurka da Sin ta yi tsami, shi da Xie sun zauna a Kalifoniya a Nuwamban 2023 sun fitar da sanarwa tare kafin taron Dubai.

Baban Sadiq, Kofar Doka: Wannan cinikin manya ne, Malam. Mu fa? Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma mu ke shan ukuba. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Ƙasashe masu arziki sun yi wa masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a cika a kan lokaci ba, kuma mafi yawan abin da ya zo bashi ne.

Ɗalibi daga Kongo, Zariya: Baba, da izininka, hujjarka tana goyon bayan Malam ne. Don mu ke shan wahalar, mu ne muka fi bukatar wanda ya iya ciniki. Asusun biyan asara da ɓarna, ƙananan ƙasashen tsibirai sun fara neman irinsa tun farkon shekarun 1990, ba a amince ba sai a COP27 a Masar a 2022. Naci ne ya kawo shi. A taron COP na Baku a 2024, da aka buga gudumar ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, wakiliyar Nijeriya Nkiruka Maduekwe ta tashi a zauren ta ce wannan cin fuska ne. Duniya ta ji.

Maman Fati, Tudun Wada: Duniya ta ji, ɗana, amma adadin bai canza ba. Kuma asusun da kake yabo, abin da aka yi alƙawarin zubawa a Dubai bai wuce kusan dala miliyan 700 ba, na ƙasashe masu tasowa gaba ɗaya. Ni mai sayar da hatsi ce. Abin da na sani shi ne idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masara ta ƙone a Soba da Giwa, tiya ce ke tashi, uwar marayu ce ke komawa gida da rabin awo. Wannan ke hana ni barci.

Manomi daga Shika: Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Mu da ke gona, abin da ya taimake mu shi ne irin masarar SAMMAZ mai jure fari da mai saurin nuna, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, da hasashen damina na hukumar hasashen yanayi ta NiMet idan ya iso mu da Hausa kafin shuka. In jakada zai jawo kuɗi ga irin waɗannan, ina maraba da shi. In yawon otal ne, a ba malaman gona kuɗin man babur.

Malam na Samaru: Alhaji, ai nan ne aikin yake. Kuɗin asusun yanayi na duniya ba a raba shi a faifai, sai ƙasa ta kai tsararren shiri, ta bi shi shekara da shekaru. Kenya ta ajiye jakadanta Ali Mohamed a ofishin shugaban ƙasa, har ya jagoranci masu shawarwari na Afirka baki ɗaya. Jamus ta ɗauko Jennifer Morgan daga shugabancin ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a 2022 don ta san kowa a fagen. Matsalarmu ita ce saurin canza mutum. Kafin ya gane wa ke da ta cewa a ɗakin ciniki, an kawo wani.

Baban Sadiq, Kofar Doka: To ka ga inda muka rabu, Malam. Kai kana kare muƙamin yadda ya kamata ya kasance, ni ina magana a kan yadda muka gan shi. Ministan muhalli sai majalisar dattawa ta tantance shi, ana iya kiransa a tuhume shi. Jakada wa ke tuhumarsa?

Ɗalibi daga Kongo: Wannan a Amurka ma an yi ta. 'Yan majalisa sun sha sukar ofishin Kerry kan cewa majalisar dattawa ba ta tantance shi ba.

Baban Sadiq, Kofar Doka: Madalla, ashe ba ni kaɗai ba ne. Sharaɗina uku: a sa muƙamin cikin doka da wa'adi, mai riƙe shi kada ya haɗa da wani aiki, kuma duk shekara ya tsaya gaban majalisa ya faɗi nawa ya shigo, nawa ne bashi a ciki, wace jiha ta samu. Har yau jihar Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin dashen itatuwa don tare hamada na Babbar Koriyar Ganuwa, ga gawayi ana lodinsa a manyan motoci daga dazuzzukanmu. Wanda zai wakilce ni a waje, ina so in ji ya taɓa faɗin wannan a Abuja tukuna.