Ƙarin awoyin aiki da kuɗin SSI na yaro: wa ya taɓa shiga ciki?

Maman uku, Bronx

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗanmu na tsakiya, mai shekara 9, yana da lalurar galahanga, kuma yana karɓar SSI, tallafin da gwamnatin Amurka ke ba masu lalura masu ƙaramin ƙarfi, dala 967 a wata. Maigida kaɗai ke aiki, albashinsa kusan dala 3,600. Yanzu an yi masa tayin ƙarin awoyi da zai kai shi 4,500, amma wata maƙwabciyarmu ta ce da zarar ya karɓa za a yanke wa yaron kuɗinsa gaba ɗaya, har da Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba shi. Kwana uku ke nan ba ma barci sosai. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mana gaskiyar magana.

Malamin lissafi, Ohio

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku kwantar da hankalinku, maƙwabciyar taku ta zuzuta abin. Ɗiyata sikila gare ta, kuma da kaina nake yin lissafin nan kowace shekara, don haka bari in yi miki da alƙaluman 2025.

Hukumar SSA, mai biyan SSI, tana ɗaukan wani ɓangare na kuɗin iyaye tamkar na yaron ne, amma sai bayan ta cire abubuwa da dama. Da farko za ta cire dala 483 kan kowane yaro mai lafiya da ke gidan. Naku biyu ne, 966 ke nan, daga 4,500 saura 3,534. Sai a cire 20, a ƙara cire 65, saura 3,449. A raba biyu, 1,724.50. Daga nan a cire rabon iyaye, 1,450 idan ku biyu ne, 967 idan uwa ko uba shi kaɗai. Saura 274.50, a sake cire wa yaron 20. Abin da za a rage masa 254.50 ne, ya koma karɓar 712.50.

To ki duba: maigida ya ƙaru da 900, yaro ya ragu da 254.50. Ko bayan haraji gida ya ci riba. Abu ɗaya da ya ruɗe ni da farko, da albashin da ba a cire haraji ba ake lissafin, ba abin da ya shigo asusu ba.

'Yar Damagaram, Greensboro

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni lissafin takarda bai cece ni ba. Ni kaɗai ce da ɗana, aikin kula da tsofaffi a gida nake yi, duk mako biyu dala 1,300. Wata guda 2,600 ke nan, yaron yana samun 696.50. Abin da ban lura da shi ba, sau biyu a shekara ranar biya tana faɗowa sau uku cikin wata ɗaya. Ran nan sai ga 3,900. Na yi murna, na aika wa Inna kuɗin gero, na biya bashin da ke kaina. Bayan wata biyu kuɗin yaron ya zo dala 46.50. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ashe haka tsarin yake: abin da ka samu a watan Mayu, a biyan watan Yuli yake bayyana. Lokacin kuwa kuɗin sun daɗe da tafiya, ga mai gidan haya yana jira. Yanzu tun watan Janairu nake ɗaukar kalanda in zagaye watannin nan biyu da jan biro. Kuma kuɗin da muke aikawa gida ba a cire su daga lissafi, ƙanwata, ko da duk dangi kai ke ciyar da su.

Direban dare, Harlem

Ni nawa laifin kaina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Uwargida ta fara aiki a wani wurin reno, muka yi wata bakwai ba mu kai rahoto ba, ina cewa sai an tashi bitar shekara. Sai ga wasiƙa cewa an biya mu fiye da ƙima, mu mayar. Ƙa'ida ita ce a sanar kafin 10 ga watan da ke biye. Da kashi 10 cikin 100 na kuɗin wata aka riƙa cirewa har muka gama. Akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 60, akwai kuma fom SSA-632 na neman yafiya, amma ni ban nema ba, don na san inda na yi sake. Yanzu uwargida da manhajar waya take tura albashinta, kuma duk takardar biya tana cikin wata jaka a ƙarƙashin gado.

Ga masu tuƙi irina: ribar shekara bayan cire mai da gyara ake rabawa gida 12. Ku adana rasit.

Sannan ku yi hattara da adashe. Iyaye biyu dala 3,000 aka yarda su ajiye, yaron kuma 2,000, ban da gidan da kuke ciki da mota ɗaya. Abin da ke asusu ranar 1 ga wata ake dubawa. Idan kwasarku ta faɗo ranar 29 kuka bar ta a asusu har 1 ga wata, kun jawo wa kanku magana.

Maman uku, Bronx

Innalillahi, Yaya, ai muna cikin adashe! Kwasarmu watan gobe ce. To Medicaid ɗin fa? Shi ne babban tsorona, don masu koya masa magana da likitocinsa duk a kansa suke.

Hajiya Babba, Bronx

'Yata, nan ne ya kamata ki sa ido, ba kan 254 ɗin ba. A New York muddin yaro yana samun SSI ko kaɗan ne, Medicaid ɗinsa na nan. Ko da ya fita ma ƙofa ba ta rufe ba. Tun 1982, zamanin Reagan, bayan labarin wata yarinya mai lalura, Katie Beckett, aka buɗe hanyar da ake ba yaro mai lalura Medicaid ba tare da duba albashin iyaye ba. Kowace jiha da tsarinta, a nan ta hannun OPWDD, ofishin jihar New York mai kula da masu irin wannan lalura, muka bi. Ki fara neman tun yanzu, takardun suna cin lokaci. Batun ajiya kuma, ki buɗe masa asusun ABLE na ajiyar masu lalura, har dala 100,000 ba a ƙirga su.

Nawa ɗan ya cika 18 bara. Shekaru huɗu ba ya samun ko sisi saboda albashin mahaifinsa, amma daga watan da ya biyo bayan cikarsa 18 aka daina kallon kuɗinmu. Muka sake nema, aka auna shi da ma'aunin manya, aka ba shi.

Wani abu da ba wanda ya ambata: tafiya gida. Idan yaro ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗin yana tsayawa, kuma sai ya dawo ya sake yin kwana 30 kafin a ci gaba. Mun taɓa kai shi Kumasi hutun makaranta wajen kakarsa, wata biyu cur, muka dawo muka tarar da abin da muka tarar.

Baƙo daga Manchester

Ku yi haƙuri in sa baki daga Ingila. Mu nan kuɗin DLA, tallafin yaro mai lalura, ba ruwansa da albashin iyaye. Tarkon yana kan Carer's Allowance na mai jinya, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 83.30 a mako: a lokacin iyakar abin da za ka samu a aiki fam 196 ne a mako, ka haura da fam ɗaya ka rasa na makon duka. Matata sai da ta roƙi a rage mata awa biyu. Da na ga lissafin Malam, na ce naku ma da sauƙi, tun da gangara ce, ba rami ba.

Maman uku, Bronx

Allah ya saka muku da alheri. Maigida ya karanta duka, ya ce ranar Litinin zai karɓi awoyin. Na kira uwar adashe ta mayar da kwasarmu 3 ga wata, kuɗin haya da na kayan sanyin yara za su cinye ta kafin wata ya mutu. Hajiya Babba, in ba damuwa zan biyo ki bayan sallar Juma'a ki nuna mini takardun OPWDD ɗin da kuka cike.